Cin amarci a Benis ta jirgin ƙasa: daga biza har bakin ruwa, yadda muka yi da inda muka sha wuya

Tun da muka dawo mutane suke ta tambayata wai ya aka yi muka je garin nan na Italiya da babu mota sai kwale-kwale, nawa muka kashe, ta ina ake bi, kuma da gaske ne jirgin ƙasa yana shiga cikin ruwa. Na gaji da turo saƙon murya ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya, wanda yake shirin kai amaryarsa ya karanta ya huta. Garin dai mu muna ce masa Benis, amma a tikiti da allunan tasha Venezia za ka gani, ka riƙe wannan tun yanzu.

Farko biza, don in babu ita duk sauran zance ne

Bizar Shengen, wato ta haɗakar ƙasashen Turai, ake nema ta ofishin jakadancin Italiya. Ana iya shigar da takardu tun saura wata 6 a tafi, kuma ni shawarata kar ka bari sai an ɗaura aure sannan ka fara, don hidimar biki ba za ta bar ka ka yi tunanin komai ba. A ƙa'ida amsa tana fitowa cikin kwana 15 amma tana iya kaiwa 45, ga kuma wahalar samun ranar ganawa. Kuɗinta yuro 90 kowane mutum, ban da na kamfanin da yake karɓar takardu. Za su nemi fasfo da ya rage masa aƙalla wata 3 bayan ranar dawowarku, da inshorar lafiya ta yuro 30,000, da shaidar otal, da tikitin zuwa da dawowa, da bayanan asusun banki, da takardar wurin aiki ko ta kasuwanci. In kai ne za ka ɗauki nauyin madam to ka haɗa da wasiƙar da ta faɗi haka da kuma takardar shaidar aure. Nan ne da yawanmu muke makalewa, aure an ɗaura a masallaci, shaidu sun shaida, an ci goro an watse, amma takarda babu. Ka nemi takardar a hukumance da wuri. Wannan ne ma ya sa ni na fi ganin a bar tafiyar sai bayan wata biyu ko uku da biki, lokacin gajiya ta sauka, 'yan ganin ɗaki sun ragu, takardu sun kammala.

Lokaci kuma, Afrilu zuwa farkon Yuni ko ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. Yuli da Agusta zafi ne mai gumi ga cunkoso ga sauro, e sauro a Turai, gari ne a kan ruwa ai. Daga Oktoba zuwa Janairu kuma lokacin tumbatsar ruwa ne da suke kira acqua alta, a Nuwambar 2019 ruwa ya kai santimita 187 a ma'aunin tumbatsar teku ya shanye yawancin gari. Tun 2020 suna da shingen MOSE da ake ɗagawa ya tare teku, abin ya yi sauƙi sosai, amma dandalin San Marco da yake shi ne mafi ƙasa har yanzu yana jiƙewa. Mu a Mayu muka je.

Kaya. Nan zan daɗe don nan muka fi shan wuya

Ɗan'uwa, akwatin lefe ba na Benis ba ne. Garin tsibirai ne 118 da aka ɗinke da gadoji sama da 400, kuma kusan kowace gada matakala ce, ka hau ka sauka. Babu mota, babu keke, babu adaidaita, babu ɗan acaɓa da zai ce maka hau mu je. Duk abin da ka zo da shi a hannunka zai tafi. Mu mun taho da manyan akwatuna biyu da ƙarami ɗaya, don da na ce a rage sai amarya ta ce "Haba yallaɓai, kwana biyar fa, so kake in maimaita kaya a hoto?" na yi shiru don ango ba ya musu. A gada ta huɗu ina ɗauke da akwati ɗaya a kafaɗa ɗaya ina ja, gumi har cikin ido, ita kuma tana tsaye a sama tana cewa "Sannu ranka ya daɗe, saura kaɗan", alhali ita ma ba ta san saura nawa ba. To ƙaramin akwati ɗaya kowa, da jakar goyo. In dole sai da manyan kaya saboda tsaraba, akwai wurin ajiyar kaya na kuɗi a tashar Milan da ta Benis ɗin.

Takalmi ya zama mai faɗi wanda ƙafa ta saba da shi, mai tsini sai dai a ɗauke shi a jaka a saka lokacin hoto. Doguwar abaya mai jan ƙasa tana shan ruwa a bakin jirgi, a ɗage ta kaɗan. Kilishi da dambun nama da man shanu da Hajiya za ta cusa muku, ku ba ta haƙuri, dokar Tarayyar Turai ta hana shiga da nama da kayan madara a jakar matafiyi, ƙwacewa za a yi. Yaji kam mun tafi da shi kuma ya yi mana rana. Turaren wuta a bar shi a gida, ɗakunan otal akwai na'urar jin hayaƙi, kar amarci ya koma tashin otal gaba ɗaya da tsakar dare, humra ta wadatar. Ku sayi adafta don soket ɗinsu mai zagayayyen baki ne ba irin namu mai ƙafa uku ba. Buta ba lallai ba, banɗakunan Italiya kusan duka akwai wurin tsarki na ruwa a gefen masai.

Ta ina za a kama jirgin ƙasan

Benis tana da filin jirgin sama nata, Marco Polo, za ka iya sauka can kai tsaye. Amma ni ban ba da shawarar haka ba, shigar jirgin ƙasa daban ce. Ka sauka Milan ko Rum. Mu Milan muka sauka, filin Malpensa, muka hau Malpensa Express wajen minti 50 zuwa babbar tasha Milano Centrale. In Rum ce, daga filin Fiumicino akwai Leonardo Express minti 32 zuwa Roma Termini. Milan zuwa Benis kamar awa biyu da rabi ne a jirgi mai gudu, Rum zuwa Benis kusan awa huɗu. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka fi sabawa da Faris, akwai jirgin ƙasa daga can zuwa Milan wajen awa bakwai, sai a canja.

Kamfanoni biyu ne masu jirage masu gudu, Trenitalia mai jan jirgin nan Frecciarossa, da Italo. Duka suna da manhaja, ka duba biyun ka ɗauki mai sauƙi. Farashi kamar na jirgin sama yake, wanda ya saya da wuri ya ci riba, ranar tafiya kuma yana iya ninkawa. Sai dai mai arahar ba a mayar da kuɗi kuma canja shi da wuya ko ba ya yiwuwa sam, saboda haka kar ka sayi tikitin da zai tashi awa ɗaya bayan saukar jirginku na sama, layin shige da fice kaɗai zai cinye wannan. Ko ku bar tazarar awa huɗu, ko ku kwana ɗaya a Milan ku huta, mu haka muka yi. Ka gwada katin bankinka tun kana gida, in na naira ya ƙi ka nemi na dala, kuma ka riƙe 'yan yuro a hannu. Kafin ranar ka ɗan bincika kalmar sciopero, wato yajin aiki, ma'aikatan sufurinsu suna yi kuma ana sanarwa tun kafin lokaci.

Abin da zan roƙe ka ka rubuta a tafin hannunka: Venezia Santa Lucia. Manyan tashoshi biyu ne masu sunan Venezia. Ta farko Venezia Mestre, wannan a kan tudu take, gari ne kamar kowane gari da motoci da bas. Ta biyu Santa Lucia ita ce cikin ruwa. Mu muna jin an ce Venezia a lasifika na miƙe zumbur na fara sauke akwatuna, har na kai ƙofa, wata tsohuwa ta dube mu ta ga lalle a hannun amarya ta yi murmushi ta girgiza kai tana nuna gaba da yatsa, sannan na koma na zauna da kunyata. Wasu jiragen kuma masu wucewa Trieste ko Udine a Mestre kawai suke tsayawa, in irinsu ka hau to ka sauka ka kama ƙaramin jirgi, minti 10 ne.

A tasha ka nemi allon da aka rubuta Partenze, shi ne na masu tashi. Lambar jirgi za ka bi ba sunan gari ba. Binario shi ne dandamali, kuma sau da yawa ba ya fitowa sai saura minti 10 ko 15, kar hankalinka ya tashi. A tikiti carrozza tarago ne, posto kujera. Tikitin jirgi mai gudu nuna shi kawai ake a waya. Amma in ƙaramin jirgin yanki ne kuma tikitin takarda ka yanka, sai ka tura shi a 'yar na'urar da ke bakin dandamali ta buga masa lokaci, in ba haka ba tara ce ko da ka biya kuɗinka. Wanda ya zo da fara'a zai taya ka danna injin tikiti ko ɗaukar jaka, ka ce masa no grazie ka riƙe aljihunka, tasha tasha ce ko a ina.

Hanyar kanta daɗi gare ta. Bayan Brescia ku leƙa hagu za ku hango tafkin Garda, sai Verona, Vicenza, Padova, gonakin inabi ta ko'ina. Bayan Mestre kuma ku ajiye waya. Jirgi zai hau gada mai tsawon kusan kilomita 4 da aka buɗe tun 1846, ruwa dama ruwa hagu, turakun katako a tsaye cikin ruwa, can gaba hasumiyoyi suna tasowa kamar a kan faranti aka ɗora su. Amarya da ta yi ta surutu tun Milan shiru ta yi, sai "Ikon Allah" kawai. Kuna fita ƙofar tasha babu titi, matakala ce sai babbar hanyar ruwa Canal Grande a gabanku da wata koriyar ƙubba a tsallake.

Masauki da yadda za ku kai kanku

Ku kwana cikin gari ko da dare biyu ne. Na san Mestre ta fi araha nesa ba kusa ba, kuma in aljihu ya matse babu laifi, amma Benis ta gaskiya sai bayan magariba da sassafe, lokacin da 'yan yini suka koma. Mazauna tsohon garin yanzu ba su kai 50,000 ba, da rana baƙi sun rinjaye su, da dare kuwa har ƙarar takalminka kana ji. Unguwanni shida ne, San Marco tsada da hayaniya, Cannaregio kusa da tasha kuma da sauƙi, nan muka zauna, Dorsoduro shiru, sai Castello da San Polo da Santa Croce. Kafin ka biya ka tambayi otal abu uku: wace tashar jirgin ruwa ce kusa, gada nawa tsakani, kuma akwai lif? Tsofaffin gine-gine ne, da yawa babu. Adireshi ma na unguwa ne ba na layi ba, za ka ga Cannaregio da lamba ta dubbai, saboda haka ka sa su turo maka kwatance.

Tun 2024 akwai kuɗin shiga gari na masu zuwa yini, yuro 5, ya kai 10 ga wanda ya makara wajen biya, a wasu ranakun bazara daga 8:30 na safe zuwa 4 na yamma. Mai kwana a otal ba ya biya amma ana so ya yi rajista a intanet ya samu lambar da za a duba a waya, otal zai nuna maka. Akwai kuma ɗan harajin kwana da ake biya a otal ɗin.

Bas ɗin garin jirgin ruwa ne, vaporetto, tasharsa ta gaban jirgin ƙasa sunanta Ferrovia. Farashin da muka tarar, hawa ɗaya yuro 9.50 na minti 75, na kwana ɗaya 25, biyu 35, uku 45. Lissafi a fili yake, in za ku hau sau uku a rana na kwana ya fi. Duk hawa sai ka taɓa katin a na'ura ta yi ƙara kafin ka shiga. Layi na 1 shi ne mai tsayawa ko'ina, yana bin Canal Grande a hankali wajen minti 45 zuwa San Marco, ku samu kujerar waje ta baya ku zauna, wannan kaɗai yawon buɗe ido ne. Tasi na ruwa akwai amma kuɗinsa na masu hannu da shuni ne.

Kwana uku, ga yadda zan raba

Ranar farko kar ku sa komai. Ku ajiye kaya ku fita ku ɓace, za ku ɓace ko kun so ko ba ku so ba don taswirar waya tana rikicewa a lungunan nan, wani lungun ma kafaɗunka suna taɓa bango biyu, ka bi shi ka bi shi sai ka ga ya ƙare a ruwa. Ku duba sama jikin bango akwai alluna ruwan ɗorawa, Per Rialto, Per S. Marco, Alla Ferrovia, su za su fitar da ku.

Rana ta biyu ku yi sammako. Ƙarfe bakwai dandalin San Marco fayau yake, masu shara da tantabaru kawai, lokacin hoto ke nan. Fadar Doge, shugaban da suke zaɓa zamanin da Benis take jamhuriya mai cin gashin kanta kafin Napoleon ya kawo ƙarshenta a 1797, ku yanki tikitinta a intanet don layi, ta ciki ake bi a ratsa wata gada da a zamanin da ake wucewa da fursunoni ta kanta. Majami'ar San Marco in za ku shiga ganin gini ana so a rufe kafaɗa da gwiwa, mu wannan ba matsalarmu ba ce. In kuna son ganin gari daga sama, maimakon layin hasumiyar dandalin ku tsallaka San Giorgio Maggiore a layi na 2. Gadar Rialto ta dutse tun 1591 take tsaye, kusa da ita kasuwar kifi da safe, ban da Lahadi da Litinin. Kar a ba tantabaru abinci, kar a zauna kan matakalar dandali ko gada ana cin abinci, duk tara ce.

Sai gondola, baƙin kwale-kwalen nan mai tsawon kusan mita 11 da mutum ɗaya yake tuƙawa a tsaye. Farashin hukuma ne, yuro 90 minti 30 da rana, 110 bayan ƙarfe 7 na yamma, kuma kuɗin jirgi ne ba na kai ba. Tsada ce? Tsada ce wallahi, na canja shi zuwa naira a zuciyata sai da cikina ya juya. Amma ka kawo 'yar mutane tun daga gida har nan, ka biya kawai. Dabarar ita ce kar ku hau a gaban San Marco inda suke jere kamar layin mai, ku hau a unguwa mai shiru ku ce ƙananan hanyoyi kuke so, ku tabbatar da kuɗi da minti kafin ku zauna, kuma tsabar kuɗi suka fi so. Akwai traghetto, shi ma gondola ne amma na tsallakar da mutane, yuro 2, minti biyu an gama.

Rana ta uku tsibirai. Daga Fondamente Nove layi na 12 yana zuwa Murano da Burano. Murano garin masu gilashi ne, tun 1291 aka kwashe su can saboda tsoron gobara, za ku ga mutum ya ciro narkakken gilashi daga wuta ya hura ya ja da awartaki kafin ka ƙifta ido ya zama doki. Duwatsun wuya na gilashi da suka yi ta yawo a kasuwannin Afirka ta Yamma da yawansu daga nan suka fito. Burano wajen minti 45 ne, gidaje kala-kala, kuma garin leshin hannu ne, ango ka riƙe walat da kyau. Na gaskiya tsada gare shi, mai araha na inji ne daga wani wuri.

Wani abu da ya taɓa ni, a Canal Grande akwai gini Fondaco dei Turchi inda fataken Turkiyya suke sauka da hajarsu, yanzu gidan tarihi ne. Kuma takardar nan mai tambarin jinjirin wata uku da ake gani a tsofaffin Alƙur'anai da littattafan malamanmu na Kano da Borno, yawancinta a yankin nan ake yin ta, ta bi ta Tarabulus ta keto Sahara a bayan raƙuma. Ashe mun daɗe muna ciniki da mutanen nan.

Ci da sallah

Kifi da kayan teku su ne mafita. Taliya da baƙin ruwan wani kifi, sunanta nero di seppia, daɗi amma baki da haƙora baƙi ƙirin, kar a ci kafin hoto. Fritto misto soyayyen kayan teku ne, fiza margarita tumatir da cuku kawai. Kalmomin gudu: maiale, prosciutto, pancetta, guanciale, speck, salame, lardo, strutto, duk alade ne ko kitsensa. Shinkafarsu risotto sau da yawa da giya ake dafawa, tiramisu ma wani da ita, ka ce senza maiale, senza vino. Shagunan kebab na halal akwai kusa da tasha, sun fi yawa a Mestre. A takardar kuɗi za ka ga coperto, kuɗin zama ne na kowane kai ba cuta ba ce, kuma kofi a tsaye ya fi na zaune araha. Gidan abincin da ka ga hotuna a ƙofa da mai kiran mutane, wuce. Ruwan famfunan dandali ana sha, ku riƙe gora.

Masallaci sai ɓangaren Mestre da Marghera, in Juma'a ta kama ku ku fita da wuri. Sauran salloli a ɗaki muke yi, ƙasaru da jam'i na matafiyi, alƙibla kudu maso gabas. A Mayu magariba sai wajen takwas da rabi, asuba kuma da wuri ƙwarai, ka sa ƙararrawa.

Ranar komawa ku ba kanku awa guda cur daga otal zuwa Santa Lucia ko da kusa ne, jirgin ruwa yana iya zuwa a cike ya wuce ku, jirgin ƙasa kuma ba ya jiran ango. Mu saura minti shida muka shiga, akwatunan nan uku sun zama huɗu, na huɗun gilashin Murano ne naɗe cikin atamfofi, kuma a cinyata ya zauna har Milan.